ƳAN ƘWALLON LAKWAL A ƘASAR CADAWA: WA ZAI GA YARON DA KE ZAUNE BAKIN FILI?

Garin Cadawa yana bisa babbar hanyar kwalta ta ƙasa, wadda ake kira Hanyar Haɗin Kai, kimanin kilomita 40 gabas da Maraɗi, cikin gundumar Agye. Matafiyin da ya miƙa gabas zai ratsa Agye da Gazawa kafin ya isa Tasawa. Wanda ya nufi yamma kuwa, in ya wuce Maraɗi, sai ya faɗa Gidan Rumji. Ƙasa ce ta manoma, ta hatsi da wake da gujiya, ta kuma yi suna wajen noman aya. A duk waɗannan garuruwa akwai kwaleji, kuma da wuya a sami kwalejin da ba ta da wani fili kusa da ita, ko da na rairayi ne da itace biyu a kafe maimakon raga, inda ƴan lakwal ke buga ƙwallon ƙafa da la'asar.

Ra'ayin iyaye a kan wannan wasa ya rabu. Wasu suna ganin ɓata lokaci ne da kashe takalmi. Wasu kuwa, tun da suka ji labarin ƴan ƙasa waɗanda ƙwallo ya kai Turai, sun fara tambaya: shin yaron nan namu da ake yabo cikin unguwa, wasansa zai kai shi wani wuri? Zai buɗe masa ƙofar babbar makaranta, kamar yadda ake jin ana yi a Amurka? Tambaya ce mai nauyi, domin bisa amsarta ne wani yaro zai riƙe littafinsa, wani kuma ya yar da nasa. Amma kafin a amsa ta, akwai wata ƙarama da ke ƙarƙashinta, wadda ba a cika yi ba. A cikin shekara guda ta karatu, minti nawa yaron yake yi cikin fili, a wasa na gaske, gaban alƙali da ƴan kallo?

Sha ɗaya cikin fili, saura bakin layi

Lissafin ba shi da wuya. Kwaleji tana iya tara ɗalibai ɗaruruwa, amma mutum 11 kaɗai ke shiga fili. A ce kwalejin ta sami wasa 4 da wasu makarantu a shekara, kowane wasa na minti 80. An yi minti 320 ke nan. Yaron da ake farawa da shi kullum ya cinye su duka. Wanda ake sakawa a minti 10 na ƙarshe, bayan an riga an san wanda ya ci, ya tashi da minti 40 a shekara, watau rabin wasa ɗaya. In kuwa gasar ta kifa ɗaya ce, wadda aka ci a ranar farko ta koma gida, to har manyan ma wasa ɗaya suka yi, sai kuma baɗi.

Me ya sa sha ɗayan nan ba su canzawa? Mushen wasanni mutum ne, ba ya son a kunyata shi gaban darakta da mutanen gari, saboda haka sai ya zaɓi waɗanda za su ciwo masa wasan yau. Waɗannan kuwa su ne masu jiki. Duk wanda ya taɓa koyarwa a karkara ya san cikin aji guda akan sami tazarar shekara 3 ko 4 tsakanin ɗalibai, domin wani an sa shi lakwal a makare, wani kuma ya maimaita aji. Ɗan shekara 16 yana ture ɗan shekara 13 da kafaɗa ya wuce, ko da ƙaramin ya fi shi ido da iya ƙafa. Bayan shekaru kaɗan jikuna za su daidaita, ƙarfi ya daina raba su, sai gwaninta. Abin takaici shi ne kafin wannan lokaci ya zo, ƙaramin ya gaji da zaman bakin layi da riƙe wa manya riguna, ya bar zuwa fili.

Akwai kuma yaron ƙauye, wanda shi ne mafi yawa, shi ne kuma ba a magana a kansa. Kwalejin babban gari tana karɓar ɗalibai daga ƙauyukan da ke kewaye. Wasu suna zuwa da ƙafa ko bisa keke, tilas su kama hanya kafin magariba, daidai lokacin da ake horo. Wasu an ba da su riƙo ga mai masauki a cikin gari, kuma wanda ke cin tuwon wani ba ya ƙin aikensa: ɗiban ruwa, yi wa dabbobi ciyawa, tsaron shago. Daɗin daɗawa, ana komawa lakwal cikin Oktoba, lokacin da amfanin gona ke neman hannu, aya kuma ta fi kowane amfani cin ma'aikata, domin sai an tone ta an rairaye ta daga ƙasa, aikin ya kai har cikin ɗari. Yaron da ya rasa horo sau uku a jere, mushe zai ce ba shi da himma, ya cire sunansa. Ta haka ƙungiyar kwaleji takan zama ta ƴan cikin gari, ƴaƴan ma'aikata da ƴan kasuwa masu takalmin ƙwallo, ba tare da kowa ya yi niyyar zalunci ba.

Ƴan mata kuwa, nasu zaman bakin filin ya fi na kowa tsawo, don sau da yawa ko ƙungiya ba a kafa masu. Wannan magana ce mai zaman kanta, sai wata rana.

Yadda abin yake a Amurka

Tun da yake ana yawan ambaton Amurka, ya kamata mai karatu ya san yadda abin yake can, ba bisa jita-jita ba. Mu ɗauki wasan da ake kira besbol, wanda suka daɗe suna ɗauka wasan ƙasarsu. Ƙungiyoyi biyu ne, kowace da mutum 9 cikin fili. Ɗaya yana jefa ƙaramar ƙwallo mai tauri da iyakar ƙarfinsa, abokin hamayya ya buge ta da kulki, ya sheƙa da gudu yana neman kewaya kusurwa huɗu kafin a komo da ita. Makarantun sakandare suna da ƙungiyoyinsu, yara maza sama da dubu 450 ne ke buga shi kowace shekara, kuma ƙungiya ɗaya takan yi wasa 20 ko fiye cikin ƴan watanni.

A can ma rigimar zaman bakin fili tana nan, har ta fi tamu zafi. A wasan ƙananan yara na ƙungiyar Little League akwai doka: duk yaron da ya zo, tilas a sa shi wani yanki na wasan, ya kuma riƙe kulki aƙalla sau ɗaya. Amma da ya shiga sakandare wannan doka ta ƙare, mai horo ke da wuƙa da nama. Iyaye suna kai ƙara wurin shugabannin makaranta, wasu ma su canza wa ɗansu makaranta, domin sun san jami'o'i suna aiko masu neman gwanaye, kuma mai nema ba ya rubuta sunan yaron da bai gani yana wasa ba. Wanda bai sami fili a makarantarsa ba yakan biya kuɗi ya shiga ƙungiyoyin da ke yawo gari-gari lokacin hutu, ko ya je tarukan gwaji inda ake auna gudunsa bisa yadi 60, kimanin mita 55, a kuma auna saurin jifarsa da na'ura. Hanya ce mai tsada, ɗan mai hali ya fi cin moriyarta. Ashe ɗan ƙauyen da ba shi da takalmi yana da ƴan uwa har a Amurka.

To, nawa ne ke kai ga biyan buƙata? Bisa lissafin NCAA, babbar ƙungiyar da ke kula da wasannin jami'o'in ƙasar, ƙasa da 10 cikin 100 na ƴan besbol na sakandare ne ke samun shiga ƙungiyar wata jami'a da ke ƙarƙashinta, kuma kimanin 2 cikin 100 kaɗai ke kai wa ga rukuni na ɗaya. Shiga ƙungiya kuma ba ya nufin karatu kyauta. Shekaru da yawa, har zuwa 2025, doka ba ta yarda wata jami'a ta rukunin farko ta ba ƴan besbol abin da ya kai kuɗin karatun mutum 12 cikakku ba, alhali ƴan wasan sun haura 30, sai a yayyanka a raba masu. Daga 2025 aka sake tsari, aka ƙayyade ƴan wasa 34 ga jami'o'in da suka shiga sabon tsarin, aka bar kowace ta biya wa waɗanda take iyawa. Jami'o'in rukuni na uku kuwa ba su ba da tallafin karatu saboda wasa ko kaɗan.

Ga abin da masu ba da labari a majalisa ke mantawa da shi. Komai gwanintar yaro, ba zai buga wa jami'ar rukunin farko ba a shekararsa ta fari sai ya gama darussa 16 da aka ƙayyade a sakandare, da matsakaicin maki da bai gaza 2,3 bisa 4 ba. A 2023 kuma aka hana masu horon besbol na wannan rukuni tuntuɓar yaro kafin ranar 1 ga Agusta ta shekararsa ta uku a sakandare, domin an ga suna yi wa ƴan shekara 14 alkawari. Watau ko a ƙasar da wasa ke kai mutum jami'a, littafi ke riƙe da rabin makulli.

A Japan ma, inda gasar besbol ta ƴan sakandare ta faro tun 1915, akwai makarantun da ƴan wasansu suka wuce 100, alhali 20 kaɗai ake rubutawa a babbar gasar ƙasa ta lokacin zafi. Sauran suna hawa wurin ƴan kallo su yi ta tafi, wasu har su gama makaranta ba su taɓa shiga ba.

A ganina, abin koyi a wajen Amurkawa shi ne yawan wasannin da suke shirya wa ƴan makaranta, da kuma rubutu. Kowane wasa da takardarsa, kowane yaro da lissafin abin da ya yi. Waɗannan biyu ba su buƙatar dukiyar Amurka.

Ƙofofin da ke akwai a ƙasarmu

A Nijar babu jami'ar da ke ɗaukar ɗalibi don ya iya ƙwallo. Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi duka takardar bak suke tambaya, ita ma hukumar ANAB mai raba tallafin karatu sakamakon jarrabawa take dubawa. Gaskiya ne akwai gwajin motsa jiki cikin jarrabawar BEPC da ta bak, ɗan wasa yana iya tsintar ƴan maki a nan, amma ba za su rufe ramin lissafi ko na faransanci ba. Uban da ke Cadawa ko Gazawa ya kamata ya ji wannan sarai, kada wani ya ruɗe shi.

Makarantar da ta fi kusa da burin irin waɗannan yara ita ce INJS ta Yamai, inda ake horar da malaman wasanni da masu kula da harkokin matasa. Da jarrabawa ake shigarta, mai nema kuma sai ya zo da takardar shaidar karatu da lafiyayyen jiki gaba ɗaya. Yaron da ya riƙe biyun yana iya komowa jaharsa ya zama mushe mai albashi, wanda ya fi tabbas nesa bisa ga mafarkin Turai.

Ɗaya ƙofar ita ce ta manyan ƙungiyoyin ƙwallo, kuma mafi yawansu a Yamai suke, fiye da kilomita 600 daga Maraɗi: ta soja, AS FAN, da ta jandarma, da ta ƴan sanda, da ta duwan, da ta garde, sa'an nan irin su Sahel da Olympic. Tarihin gasar ƙasa ma ya nuna haka, kusan kullum kofi a babban birni yake kwana. Jangorzo ta Maraɗi ta ɗauke shi a 1983, Espoir ta Damagaram a 1984, kuma har yau ana tuna su ne saboda ƙarancin irinsu. Musa Ma'azu, wanda ya ci ƙwallon da Mena ta doke Masar da ita 1 da 0 a Yamai cikin Oktoba 2010, daga AS FAN ya tafi Lokeren ta Beljiyam a 2008, daga nan sai CSKA ta Mosko a 2009. Haifaffen Yamai ne, ya tashi inda idanu suke. Da a wani ƙauye na gundumar Agye aka haife shi, wa ya san ko da sunansa ya wuce bakin kasuwa?

Ba a ce ƙasa ta rasa yara ba. Mena ta je gasar cin kofin Afirka a 2012 da 2013. A 2017 ƴan ƙasa da shekara 17 suka je gasar duniya a Indiya, suka ci Koriya ta Arewa 1 da 0, suka tsallake zagayen farko, kafin Gana ta fitar da su da ci 2 da 0. Cikin Fabrairu 2019 kuma aka yi gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 20 a Yamai da Maraɗi, Mali ta ɗauki kofi bayan ta doke Senegal da bugun fanareti. Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ce a mota tsakanin Cadawa da filin Maraɗi inda aka yi waɗancan wasanni. Amma tsakanin filin rairayi na kwaleji da ƙungiyoyin Maraɗi irin su Jangorzo da Ɗan Kasawa, matakan da yaro zai taka ba su jeru ba. Wanda ya haye, galibi wani ɗan uwa ne ko wani ma'aikaci mai son wasa ya kai shi da hannu.

Darasin filin kokowa

Abin mamaki, muna da wasan da ya warware wannan matsala tuntuni, a gaban idonmu. An fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, kuma wanda ya fara zama sarki ɗan jahar Maraɗi ne, Yakuba Ango da aka fi sani da Kantu, wanda filin kokowar Maraɗi ke ɗauke da sunansa. A tsarin da aka saba, kowace jaha cikin 8 tana kawo ƴan kokowa 10, su 80 su nemi takobi, gasar kuma tana zagaya manyan biranen jahohi, ba ta zaune a Yamai.

Ta yaya ake samun goman nan? Ta kaye. Bayan an kau da amfanin gona ƙauye yana gayyatar ƙauye, a buga ganga, a yi da'ira. Wanda ya yi fice a nan ana jin labarinsa a kasuwanni, ya je zaɓen gunduma, daga can ya je na jaha. Cikin da'irar nan babu bakin layi. Duk wanda ya ɗaura walki ya shigo zai sami abokin karawa, wanda ya faɗi kowa ya ga ya faɗi, ba a buƙatar wani ya yi masa shaida. Shi ya sa manomi daga ƙauyen da ko kwalta ba ta kai ba yake iya zama sananne daga Difa har Tilaberi, rediyo da talabijin suna kiran sunan garinsu.

Ƙwallo wasan taro ne, ba za a auna shi da kaye ɗaya ba, wannan gaskiya ne. Amma tsanin da aka kafa wa kokowa, daga ƙauye zuwa gunduma zuwa jaha, babu abin da ya hana a kafa wa ƴan lakwal irinsa. Hanyar kwalta ɗaya ce ta haɗa Gazawa da Agye da Cadawa da Maraɗi da Gidan Rumji. In makarantun gunduma guda suka yi gasa ta zagaye, kowace ta karɓi baƙi ta kuma kai ziyara, daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin da rana ke da sauƙi, jarrabawa kuma da saura, kowace za ta sami wasa 8 ko 10 maimakon ɗaya. Kuɗin mota ne babban nauyi, kuma magana ce da kwamitin kula da makaranta da hukumar komin za su iya zama a kanta.

Dokar ƙwallo ma ta ba da sarari. A wasan manya, wanda aka fitar ba ya komowa, ko da yake tun 2020 an ƙara yawan canji daga 3 zuwa 5. Amma hukumar da ke tsara dokokin ƙwallo ta duniya ta yarda, a wasannin yara da na unguwanni, a fitar da ɗan wasa ya huta ya sake shiga, in hukumar ƙwallo ta ƙasar ta amince. Da wannan, mushen da ke tsoron a ci shi ba shi da sauran hujja: yana iya saka ƙaramin yaro minti 20, in wasa ya yi tsanani ya maido da babba. Masu shirya gasar makarantu suna iya ƙarawa da nasu sharaɗi, cewa duk wanda aka rubuta sunansa a takardar wasa sai ya shiga. Kuma a raba yara bisa shekaru, ba bisa aji ba.

Takardar haihuwa da littafin rajista

Raba yara bisa shekaru ya kawo mu ga abin da ya fi shafar ma'aikatan hukuma da iyayen da suka yi yaƙi da jahilci, domin su ne masu alƙalami a ƙauye. Yaro da yawa a karkara ba a rubuta haihuwarsa cikin wa'adin da doka ta yanke ba. Sai lokacin jarrabawa ya matso a nemo masa hukuncin alƙali mai maye gurbin takardar haihuwa, a ƙiyasta shekarunsa, wani lokaci a rage masa don kada ya wuce shekarun lakwal. Ana yin haka da kyakkyawar niyya, amma a fagen wasa yana iya zama tarko.

Ga misali daga besbol ɗin nan dai. A 2011 wata ƙungiyar yara daga Kampala ta ƙasar Yuganda ta ci gasar yankinta, ta cancanci zuwa babbar gasar Little League a Amurka, abin da wata ƙungiyar Afirka ba ta taɓa yi ba. Aka hana su biza, saboda ranakun haihuwar da ke cikin takardunsu ba su dace da juna ba. Sai a 2012 wata ƙungiya daga garin Lugazi ta je da takardu tsabtatattu. A ƙwallon ƙafa kuwa, tun 2009 FIFA take amfani da hoton ƙashin wuyan hannu don gane wanda ya girme wa gasar ƴan ƙasa da shekara 17, kuma ƙasashen Afirka da yawa sun ga an sallamo masu yara ana gobe wasa. Takarda tana iya rage wa mutum shekara, ƙashi ba ya ragewa.

Ita ma gasar makarantu ta Afirka, wadda hukumar CAF ta ƙaddamar a 2022 domin yara maza da mata masu shekara 15 zuwa ƙasa, da takarda ake shigarta. A wasan ƙarshe na farko, wanda aka yi a Durban cikin Afrilu 2023, wata makaranta ta ƙasar Gine ta ci na maza, wata ta Tanzaniya ta ci na mata, kowace ta sami dala dubu 300 ta Amurka domin gyaran makaranta. Ɗalibi ake nema a can, mai suna cikin rajistar aji, mai shekarun gaskiya.

Iyaye su kuma yi hattara da dillalan da ke zuwa da alkawarin kai yaro waje, suna neman a sayar da gona ko sa a biya kuɗin jirgi. Dokar FIFA ta hana a kai ɗan wasan da bai cika shekara 18 ba wata ƙungiya a wata ƙasa, sai a wasu halaye ƙalilan da ta lissafta, kamar in iyayensa sun ƙaura can don wani dalili da ba ƙwallo ba. Wanda ya ce zai kai ɗan shekara 15 Turai, a tambaye shi ta wace ƙofa.

Saura littafin rajista, wanda kuɗinsa bai wuce na littafin aji ba. A rubuta ranar wasa, da sunan kowane yaro, da ranar haihuwarsa, da mintin da ya shiga da wanda ya fita, alƙalin wasa ya sa hannu. Da shi darakta zai gane ko ƴan ƙauye suna shiga fili, da shi kuma mai neman ƴan wasa daga Maraɗi zai sami abin dubawa wanda ya fi yabon unguwa. In aka ƙara da sharaɗin cewa wanda makinsa na aji ya faɗi ƙasa zai huta har ya gyara, to ƙwallo ta zama mai kora yaro zuwa aji maimakon ta janye shi.

Rubutu yana da wata riba kuma, ta kuɗi, wadda mutane kaɗan suka sani. Bisa dokar FIFA, in aka sayar da ɗan wasa daga ƙungiyar wata ƙasa zuwa ta wata ƙasa, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi tun yana shekara 12 har zuwa 23. Shekaru huɗun farko, daga 12 zuwa 15, rabonsu gaba ɗaya kashi 1 ne cikin 100 na kuɗin cinikin. A ce an sayar da wani a kan miliyan 100 na sefa. Ƙungiyar da ta riƙe shi waɗannan shekaru huɗu tana da miliyan 1, kuma duk lokacin da aka sake irin wannan ciniki a kansa za ta sake samu. Sharaɗin shi ne ƙungiyar ta kasance tana da rajista da hukumar ƙwallo ta ƙasa, FENIFOOT, yaron kuma yana da lasisi da sunanta a waɗannan shekaru. Makaranta a kan kanta ba ta cikin wannan rabo, sai in an kafa ƙungiya a garin an yi mata rajista ta hannun reshen hukumar da ke Maraɗi, ɗaliban kwaleji su zama ƴan wasanta na ƙananan rukunai. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi a Paris wanda ke bin sawun irin waɗannan kuɗaɗe yana aika wa masu su, bisa abin da ya tarar a rubuce cikin tarihin ɗan wasan.